SHARHI: Makarantun Nasarawa na buƙatar tsarin da zai wuce wa'adin gwamna ɗaya

A kowace ranar aiki, tun kafin gari ya gama wayewa, hanyar Keffi zuwa Abuja kan cika maƙil da motocin da suka taso daga Masaka, Ado da Mararraba. Da yawa daga cikin waɗanda ke cikinsu ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne da hadiman manyan jami'ai, suna sauri su isa ofis kafin a rufe rajista. Albashinsu daga Abuja yake fitowa, amma 'ya'yansu a Jihar Nasarawa suke kwana, a can kuma suke karatu. Mai hali ya kai nasa makarantar kuɗi yana kukan kuɗin zango, marar hali ya kai ta gwamnati yana addu'a. Ko wacce aka zaɓa, a garin Lafiya ake yanke hukuncin wanda zai koyar, da wanda zai duba aikinsa, da makarantar da za a ba lasisi. Saboda haka makomar ilimi a Nasarawa magana ce ta cikin gidan ma'aikacin Abuja.

Wa'adin Gwamna Abdullahi Sule na biyu zai ƙare ranar 29 ga Mayu, 2027. Kafin wannan rana jama'a za su sha alƙawura daga masu neman kujerarsa: sababbin azuzuwa, makarantun zamani, kwamfutoci, ɗaukar dubban malamai. Duk an taɓa jin irinsu. Abin da tarihin jihar ya nuna shi ne cewa niyya da kuɗi suna zuwa lokaci zuwa lokaci, amma hukumomin da ya kamata su ɗauki niyyar daga Lafiya su sauke ta a cikin aji su ne ke da rauni. Wanda duk zai gyara makarantun Nasarawa sai ya fara gyara waɗannan hukumomi, ya kuma ɗaure gyaran da dokar da magajinsa ba zai iya watsarwa cikin sauƙi ba.

Adalci ne a faɗi abin da aka yi. Tun da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, an samu ci gaba na zahiri. A zamanin Abdullahi Adamu aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'arta a Lafiya. Kwalejin Ilimi ta Akwanga na yaye malamai shekara da shekaru. Umaru Tanko Al-Makura, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2019, ya gina makarantun Ta'al masu benaye, da makaranta ta musamman ta masu buƙata ta musamman a Lafiya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2018. Gwamna Sule ya shigo da kundin dabarun bunƙasa tattalin arzikin jihar na 2019 zuwa 2023, ya kuma amince da ɗaukar malamai. Babu wanda zai ce an zauna an naɗe hannu.

Sai dai akwai al'amura biyu da suka isa darasi. A 2020 Majalisar Dokokin Jihar ta binciki yadda aka kashe naira biliyan 1 da aka saki a gwamnatin da ta gabata domin gyara makarantun sakandare da kewaye su da katanga, binciken da ya kai ga sauke Sakataren Gwamnatin Jiha na lokacin. Bayan shekara huɗu, tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025, sai ga wata sabuwa: gwamna ya amince a ɗauki malaman sakandare 1,000, amma aka wayi gari Hukumar Kula da Ayyukan Malamai ta raba takardun ɗaukar aiki fiye da 3,000, tare da zarge-zargen cinikin guraben. An dakatar da shugabannin hukumar, an kafa kwamitin bincike.

Tantance mai laifi da marar laifi aikin masu bincike ne da kotu. Tambayar da ta shafi tsari ita ce: ta yaya biliyan guda za ta fita ba tare da jerin makarantun da za a gyara, da kuɗin kowacce, da ranar kammalawa, a manne a inda iyaye za su gani ba? Ta yaya adadin da gwamna ya sa wa hannu zai ninka har sau uku kafin wani ofishi ya farga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da a ce kowace takardar ɗaukar aiki na ɗauke da sunan makaranta, da darasin da babu mai koyar da shi a cikinta, da lambar gurbin a kasafin kuɗi, da ba a iya buga ko da takarda ɗaya fiye da ƙima ba. Hukunta mutane wajibi ne, amma idan aka bar tsagar yadda take, waɗanda za su maye gurbinsu za su tarar da ita.

Tushen raunin yana cikin yadda aka rarraba iko. Makarantar firamare ɗaya a Doma ko Wamba tana da iyayen gida da yawa. Ma'aikatar Ilimi ta jiha ke tsara manufa. Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ke bayar da kwangilar gini da kula da harkar malamai. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ke tura malami nan ko can. Albashi daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Hukumar UBEC daga Abuja ke kawo tallafi da sharuɗɗanta. Rajistar malamai kuma tana hannun wata hukumar tarayya daban, TRCN. Idan yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, kowanne daga cikinsu na da wanda zai nuna wa yatsa. Hedmasta kuwa, wanda shi kaɗai ke ganin yaron kullum, shi ne mafi ƙarancin iko: ba ya zaɓar malaminsa, ba ya iya hana a ɗauke masa shi a tsakiyar zango, sau da yawa ko allin rubutu sai ya roƙi iyaye.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa wannan magana nauyi. Malaman firamare a Nasarawa ba su manta da shekarun da ake biyan ma'aikatan ƙananan hukumomi albashi kashi-kashi ba. Mazauna Abuja kuma sun ga abin da ya faru a 2025, lokacin da makarantun firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya suka kasance a rufe fiye da wata uku saboda taƙaddamar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 tsakanin malamai da ƙananan hukumomin birnin. Idan hakan ta faru a gindin fadar mulki, babu dalilin zaton Awe ko Toto za su tsira sai da shiri. Tsarin ilimin da bai fayyace wanda zai biya malami, da ranar biya, da abin da za a yi idan kaso ya gaza ba, bai ma fara ba.

Ma'aikatan tarayya kada su ɗauka wannan cuta ta jihohi ce kaɗai, domin daga Abuja aka koye ta. A 2009 Minista Sam Egwu ya fito da taswirar gyaran ilimi. Farfesa Ruqayyatu Ahmed Rufa'i ta kawo tsarin shekara huɗu na 2011 zuwa 2015. Malam Adamu Adamu ya kawo nasa na 2016 zuwa 2019, daga baya aka sabunta shi zuwa 2022. Farfesa Tahir Mamman ya ƙaddamar da na 2024 zuwa 2027, amma kafin shekarar farko ta ƙare an sauya shi, Dakta Tunji Alausa ya zo da sabon shiri da sabon suna. Kowane kundi na da kyawawan manufofi, kuma daraktoci da mataimakansu sun ɓata dare wajen rubuta shi. Abin da ba a saba gani ba shi ne rahoton da zai ce: ga abin da kundin da ya gabata ya yi alƙawari, ga abin da aka cim ma, ga dalilin gazawa. Tsarin da ba a yi masa hisabi ba jawabi ne kawai.

Hanyar kuɗi ma tana da nata tasirin. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin matakin farko. Rabin wannan kuɗi ana raba wa jihohi a matsayin tallafin haɗin gwiwa: jiha ta ajiye nata kason, ta kawo jadawalin ayyukan da za ta yi, sannan a sakar mata. Tsawon shekaru, kaso mafi tsoka na tallafin gine-gine da kujeru aka tanadar wa. Ba laifi ba ne a gina aji, musamman inda yara ke zaune a ƙasa. Amma sannu a hankali kalmar tsari a ofisoshin ilimi na jihohi ta koma nufin jerin kwangiloli. Gini ana iya ɗaukar hotonsa a yanka masa kintinkiri. Yaron aji uku da ya iya karatu ba shi da bikin buɗewa.

Tsari na gaskiya tambaya uku yake amsawa: ina ake yanzu, ina ake son a kai nan da shekara nawa, kuma wane ne zai amsa tambaya idan ba a kai ba. Ta farko ba ta amsuwa sai da alƙaluma na kowace makaranta, ba jimillar jiha ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, ɗaya ga 40 a sakandare. Jimillar jiha na iya nuna an kusa kai wa ga haka, alhali malamai sun taru a cikin Lafiya, Keffi da Akwanga, makarantun ƙauye kuma na da malami biyu ko uku ga azuzuwa shida. Ana ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, UBEC ma ta yi tantancewar ma'aikata ta ƙasa a 2018 da 2022. Amfanin alƙaluman yana bayyana ne ranar da aka ɗauki malami daga inda ya yi yawa aka kai shi inda babu, ko da ɗan uwan wani babba ne.

Alƙaluman kowace makaranta ne kuma za su nuna cewa ƙananan hukumomin jihar 13 ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Karu cunkoso ne ya yi mata yawa: unguwanni na tsirowa da saurin da gwamnati ba ta iya bi, filin makaranta na tsada, ƙananan makarantun kuɗi na buɗewa a gidajen haya ba tare da isassun masu duba su ba. A Awe, Keana, Obi da Doma, rikicin manoma da makiyaya ya sha raba iyalai da garuruwansu, har wasu makarantu suka zama mafakar 'yan gudun hijira. A wasu yankuna yaro na shiga aji ɗaya da harshen Eggon, Alago, Mada, Gwandara, Tibi ko Fulatanci, malaminsa kuma ba ya jin ko ɗaya. Takardar umarni guda da aka buga a Lafiya aka raba wa kowa ba za ta warkar da waɗannan duka ba. Dole kowace makaranta ta rubuta nata ɗan ƙaramin tsarin, shafi biyu ko uku, na jiha kuma ya ginu a kan su.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a Nijeriya. Kusan shekara ashirin ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin gudanarwa a kowace makaranta, mai ɗauke da iyaye, malamai, mai unguwa, malaman addini da wakilan mata. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Kano, Kaduna, Jigawa, Kwara, Legas da Inugu, ya gwada haɗa abubuwa huɗu: horar da hedmasta kan shugabanci, tsarin bunƙasa makaranta na shekara, ɗan kuɗi kai tsaye zuwa asusun makaranta, da jami'in da ke ziyartar aji domin taimaka wa malami maimakon farautar laifinsa. Nasarawa ba ta cikin waɗancan jihohi, amma tana cikin waɗanda aka ƙara a shirin AGILE na Bankin Duniya a 2023, wanda shi ma ke bi ta hannun kwamitocin makarantu. Haɗarin da ke tattare da irin waɗannan shirye-shirye sananne ne: ofishinsu daban, motocinsu daban, alawus ɗinsu daban, ranar da kuɗin waje ya ƙare sai komai ya tsaya. Hikima ita ce tun shirin na da rai a mayar da hanyoyinsa aikin yau da kullum na ma'aikata, da layinsu a kasafin jiha.

Misalin da ya fi dacewa da Nasarawa daga waje ba na wata ƙasa mai arziki ba ne. Sobral gari ne mai mutane kimanin 200,000 a jihar Ceara, a yankin arewa maso gabashin Birazil mai fama da talauci da fari. A ƙarshen shekarun 1990 hukumomin garin sun gina makarantu sun ƙara yawan ɗalibai, amma da suka gwada yaran a farkon shekarun 2000 sai suka tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba su iya karatu ba. Suka zaɓi buri guda: kowane yaro ya iya karatu a farkon firamare. Suka daina naɗa shugabannin makarantu da takardar ɗan siyasa, suka koma jarrabawa da tantancewa. Suka riƙa gwada yara a kai a kai ta hannun masu gwaji daga wajen makarantar, suka ba makarantu kuɗin gudanarwa a hannunsu. A 2005 garin na matsayi na 1,366 a ma'aunin ilimi na ƙasar. A 2017 shi ne na ɗaya a cikin ƙananan hukumomi fiye da 5,500. Magadan gari sun sauya, burin bai sauya ba. A 2007 jihar Ceara ta yi dokar da ta ɗaura wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi a kan sakamakon karatun yara, ta yadda shugaban ƙaramar hukuma ya san cewa jahilcin yaransa zai taɓa asusunsa.

Za a ce duk wannan sai da kuɗi, kuma jihar ba ta da shi. Maganar na da ƙanshin gaskiya. Ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa, kuma abin dubawa shi ne kuɗin da aka saki, ba wanda aka karanta a jawabin kasafi ba. Sai dai mafi yawan gyaran da ake magana a kai ba shi da tsada idan aka kwatanta da bene ɗaya. Abin da yake ci shi ne alfarmar siyasa: ikon naɗa hedmasta, ikon raba gurabe, ikon mayar da matar wane cikin gari. Wasu kuma za su ce a bi hanyar Kaduna, inda a 2017 malaman firamare 21,780 suka faɗi gwajin da gwamnati ta shirya aka sallame su. Kora na iya zama dole a wani lokaci, amma idan ƙofar shiga ba ta gyaru ba, sababbin za su shigo ta hanyar da tsofaffin suka bi. Abin da ya faru a hukumar malamai ta Nasarawa shaida ne.

Lokacin da ya rage wa gwamnati mai ci ya isa a aza harsashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamna ya aika wa Majalisar Dokoki ƙudurin tsarin ilimi na shekara goma, mai buri ƙalilan da ake iya aunawa, na farkonsu iya karatu da lissafi a ƙarshen aji uku, tare da wajabta wa Kwamishinan Ilimi gabatar da rahoto a zauren majalisa kowace shekara. A wallafa alƙaluman kowace makaranta a intanet, a kuma manna su a bangonta. Kada a sake ɗaukar malami sai a kan gurbin da aka sanar, a makaranta sananniya, da sharaɗin zama a can na wasu shekaru da ɗan ƙarin alawus ga na karkara. A mayar da shugabancin makaranta muƙamin da ake nema ta gwaji, mai wa'adi, a horar da masu shi da taimakon Cibiyar Tsare-tsare da Gudanar da Ilimi ta Ƙasa da ke Ondo, da kwalejin Akwanga, da jami'o'in Keffi da Lafiya. A riƙa tura wa kowace makaranta kuɗin gudanarwa a farkon zango, da sa hannun hedmasta da shugaban kwamitin iyaye. A zauna da shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyar malamai ta NUT a rubuta yarjejeniyar albashi kafin rikici ya tilasta.

Abuja ma na da nata kason. Jami'an UBEC da na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, waɗanda jadawalin ayyukan jihohi ke bi ta teburinsu, suna da damar tambayar abin da yara suka koya kafin su tambayi yawan bulon da aka jera. Hukumar Babban Birnin Tarayya kuma ta amince cewa Karu ɗakin kwanan ma'aikatanta ne, ta zauna da gwamnatin Nasarawa kan filayen makarantu da duba makarantun kuɗi a wannan yanki. Su kuwa iyayen da ke kwana a Mararraba su yini a sakatariya, da yawansu sun ƙware a rubuta kasafi da bin diddigin fayil. Kujera ɗaya a kwamitin makarantar unguwa za ta amfana da wannan ƙwarewa fiye da ƙorafi a cikin motar haya.

Yaron da ya shiga aji ɗaya a Lafiya a watan Satumban 2027 ba zai gama ƙaramar sakandare ba sai 2036. Kafin nan jihar za ta yi zaɓen gwamna sau biyu, kwamishinoni da shugabannin hukumomi kuma za su sauya fiye da haka. Duk mai neman mulkin Nasarawa ya kamata a tambaye shi, a bainar jama'a, abin da zai riƙe daga aikin wanda ya gada, da ma'aunin da ya yarda a auna shi da shi ranar da zai sauka.